Harsashin Farauta: Darma ko Jan Ƙarfe?



A Amurka, wasu mafarautan barewa suna da bindiga marar nauyi, mai ɗura kanta bayan kowane harbi. Kullum suna gardama: wane harsashi ya fi? Wasu suna son .308 Winchester, na 1952, don ƙarfinsa. Wasu suna son .243 Winchester, na 1955, don ba ya dukan kafaɗa sosai.

A ganina, girman harsashi ba shi ne babbar magana ba. A duba ƙarfen da aka yi shi da shi. Na darma yana farfashewa cikin nama, ƙanana-ƙanana, ido ba ya gani. Dahuwa ba ta kashe wannan guba. Yaro ya ci, ƙwaƙwalwarsa ta raunana. Ungulu ta ci hanjin da aka yar, ta mutu. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin darma tun 2019. Na jan ƙarfe ya fi tsada, amma ba ya watsewa haka.

Ka tuna Zamfara a 2010: darma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400.

In ka sayi naman daji da aka harba, yanke gefen raunin da faɗi, ka binne. Kada mai ciki da ƙananan yara su ci naman. Rigakafi ya fi magani.