Bindiga Ta Haɗu, Saura Harsashi

Maharbin da ke haɗa bindigarsa ta farko a Amurka yakan shafe watanni yana zaɓen bututu da ƙota da kunama, amma da wuya ya tsaya nazarin harsashi. Nan kuwa haɗarin yake. Harsashin dalma yakan tarwatse cikin naman dabba ya bar ɗaruruwan ɓarɓashi. Ungulu da mikiya su ci kayan cikin da aka yar, gubar ta kashe su. Sauran naman kuma ya shiga tukunyar iyali, alhali dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Saboda haka jihar Kalifoniya ta haramta farauta da harsashin dalma a 2019. Ya kamata sabon maharbi ya fara da na jan ƙarfe, ko da ya fi tsada.