Kwanon Sarki Ba Gado Ba Ne: Mu Tura 'Ya'yanmu Koyon Gini

Jama'a 'yan'uwana mazauna kurmi, duk wanda ya leƙa wuraren gine-gine a Ikko ko Badun zai tarar da yaranmu na Arewa birjik, amma mafi yawansu leburori ne, masu haƙar tushe da ɗaukar yashi da kwanon sarki. Mai shimfiɗa tayil da mai gyaran silin kuwa sau da yawa daga Kwatano ko Togo suka zo, su ne kuma ke kwashe kuɗi mai tsoka. Tun da gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a manyan sassan birnin a 2020 da 2022, samarinmu da dama sun rasa abin yi. Ni a ganina mafita ita ce mu sa su koyon aikin gini a makaranta, su fito da takardar shaida.

Ba sai an je nesa ba, Jos ta isa misali. A Bukur akwai tsohuwar makarantar koyon sana'a ta gwamnati, inda ake koyon birkila da kafinta da aikin wutar lantarki. Wanda ya gama zai zauna jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992. In yana son ƙari, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Filato a Barikin Ladi, inda ake yin ƙaramar difloma cikin shekara 2, babba kuma shekara 2. Jami'ar Jos tana da sashen koyar da gini. Hedkwatar Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, wanda aka kafa a 1971, ita ma a Jos take.

Wani zai ce, ai gini a bakin aiki ake koyonsa, mene ne na ɓata shekaru a aji? Gaskiya ne hannu a wurin aiki yake faɗawa. To amma karanta taswirar gini, da sanin yawan rodin da ginshiƙi ke bukata, da awon siminti da yashi da tsakuwa, waɗannan sai da malami. Ba mu manta ba, ranar 12 ga Yuli 2024 benen wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji a Jos, mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Aikin da rayukan mutane ke ƙarƙashinsa bai kamata a yi shi da ka ba.

Kuma kada wani ya raina sana'ar nan. Magini Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau ana ambaton sunansa, an kuma kwaikwayi ginin a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, da attajiranmu na Mil 12, su haɗa asusu, kowace unguwa ta ɗauki nauyin 'yan yara kowace shekara. Wanda ya riga ya girma a bakin aiki kuma, ya je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ya yi jarrabawar gwajin sana'a, daga aji na 3 zuwa na 1. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu gane.