A Daina Ɗora wa Sinima Laifin Sauti

Duk lokacin da aka haska sabon fim ɗin Hausa a sinima, 'yan kallo suka fito suna ƙorafin ba a jin magana, amsar furodusa ɗaya ce: na'urar sinimar ce ba ta da kyau. Mun gaji da wannan amsa. A zauren nan ne fa ake nuna finafinan Indiya da na Amurka, kuma ko raɗa jarumi ya yi sai ta iso kujerar ƙarshe.

Sinima tana da nata tsari. Akwai lasifika uku a bayan allo, hagu da tsakiya da dama, wasu a jikin bango, da wata ta gurnani mai nauyi, abin da ake kira 5.1. Maganar 'yan wasa daga ta tsakiya take fitowa. Ana saita kowace lasifikar allo a kan desibel 85, maɓallin ƙara na Dolby kuma a kan lamba 7, mai haɗa sauti ya yi aikinsa da wannan ma'auni. Mu kuwa a nan sai a zauna da laftof da iyafis a haɗa layi biyu kacal, kamar YouTube za a kai. Wanda ya samu kujera a gefe sai ya ga baki yana motsi a tsakiyar allo, murya tana fitowa daga kusurwa.

Ga kuma janareta. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan gunjin yakan bi waya ya shiga abin da aka naɗa a lokeshin. Lasifikar wayar hannu ba ta iya fitar da shi, shi ya sa edita yake rantsuwa aikinsa fes yake. A sinima babu inda zai ɓuya.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne waƙa. An matse ta an cika ta har wuya tun daga situdiyo, aka manna ta a kan hirar da aka ɗauka da makirfo nesa da baki. Tana shigowa mutane su toshe kunne, mai kula da na'ura ya rage ƙara, waƙa ta wuce, hira ta nutse. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere. Kalma ta dusashe kaɗan, ma'ana ta tafi.

Ba mu ce sinima ba ta laifi ba. Lasifikar tsakiya takan lalace, wasu kuma sun saba ajiye maɓalli a kan 5. Gane mai laifi ba wuya: a sa tallan wani fim a zauren, ba tare da an taɓa komai ba. In ya fita tas, a koma ɗakin tacewa.

Furodusan da ya iya hayar gidan bene da jerin motoci don fitowa ɗaya zai iya biyan mai riƙe makirfo, ya kuma nemi zauren da safe, mako guda kafin haskawa, ya saurari minti goma daga kujerar gaba, da ta gefe, da ta can baya.