Ɓarawon da Ba Ya Haura Katanga

A watan Satumba na shekarar 2021 aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikinsu har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. A watannin da suka biyo baya, mutanen Ketare da maƙwabtansu sun gane yadda rayuwarsu ta sarƙe da waya. Ciniki ya yi sanyi, saƙon kuɗi daga 'ya'yan da ke birni ya tsaya, mai son jin lafiyar ɗan'uwansa sai ya yi tafiya zuwa inda layi yake kamawa. Wannan ya tabbatar da cewa karkara ta riga ta shiga duniyar sadarwa. Kuma duk hanyar da alheri zai bi ya shigo gari, ɓarawo ma yana iya bin ta.

Akwai masu ganin cewa kutse da ƙwayar cutar kwamfuta matsalar 'yan boko ce da mazauna birni. Wannan ra'ayi ya tsufa. Manomin da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba yana da lambar BVN, wadda aka fara bayarwa a 2014, yana kuma da lambar NIN, wadda gwamnati ta wajabta haɗa ta da layin waya tun Disamba 2020. Sunansa da hotonsa da zanen yatsunsa duk suna ajiye a rumbunan bayanan da bai taɓa gani ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuwa ya tura hatta mai sayar da buhun masara ga masu POS da tura kuɗi ta waya.

Ta ƙofa uku ɓarna take shigowa. Ta farko ita ce muguwar manhaja, wato wani tsari da ake rubutawa domin ya ɓuya cikin na'ura ya yi wa mai shi aiki, kamar yadda gara take cin rumbu daga ciki. Abin ba sabo ba ne, domin tun 1986 wata ƙwaya mai suna Brain ta fito daga Lahore ta ƙasar Pakistan. A watan Mayu na 2017 wata mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka ɗage ayyukan jinya. A 2021 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta yi gargaɗi game da FluBot, wadda take zuwa cikin saƙon tes, idan aka latsa sai ta shiga waya ta kwashe bayanan banki.

Ƙofa ta biyu ita ce yaudara, kuma ita ta fi kusa da mutumin ƙauye. Wani zai bugo waya ya ce daga banki yake, ko ya ce tallafin gwamnati ya fito, a karanto masa lambobin da aka turo. Haka nan layin da aka sace, ko aka zare a shagon cajin waya, yana iya zama mabuɗin asusu, domin banki layin yake yi wa magana, ba ya ganin fuskar mai riƙe da shi.

Ƙofa ta uku ita ce yoyon bayanai daga wurin waɗanda suka tara su. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafukan intanet suna sayar da bayanan 'yan Nijeriya, har da NIN da BVN, a kan abin da bai wuce naira 100 ba. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ko ta wace kafa bayanan suka zurare, sakamakon ɗaya ne. Macucin da ya san cikakken sunan mutum da ranar haihuwarsa da bankinsa ya riga ya sami rabin amincewarsa. Ana iya sauya lambar sirri, amma ba a sauya zanen yatsa. A yankin da ake sace mutane domin kuɗin fansa kuwa, sanin abin da ke asusun mutum yana iya jawo masa abin da ya fi asarar dukiya.

A nan ne adalci ya kamata ya yi aiki. An saba ɗora laifi a kan wanda aka damfara, a ce ya yi sakaci. Amma talaka bai miƙa bayanansa don ganin dama ba, tilasta masa aka yi, don haka amana ce a wuyan wanda ya karɓa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa mai ajiyar bayanai ya sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan aka yi masa kutsen da zai iya cutar da jama'a, ta kuma tanadi tara. Sai dai dokar da mutumin Sabuwa bai taɓa jin labarinta ba, ba za ta share masa hawaye ba. Gargaɗin da banki yake turowa da Turanci ga wanda ko Hausar boko bai iya karantawa ba, sauke nauyi ne a takarda kawai.

Saboda haka wajibi ne bankuna da kamfanonin waya su riƙa yin gargaɗi da Hausa, da murya, ta rediyo da ranakun kasuwa. Jami'o'in Katsina da Dutsinma suna da ɗaliban kimiyyar kwamfuta da za su iya koyar da masu POS da masu cajin waya, waɗanda su ne malaman jama'a a wannan fage. Shi kuma mai waya ya kiyaye abu uku: ya sanya wa layinsa lambar sirri, kada ya karanta wa kowa lambobin da banki ya turo masa, kuma idan waya ta ɓace ya sa a rufe layi da asusu a ranar. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma liƙe tsagar hakki ne a kan wanda ya gina bangon kafin mai kwana a ɗakin.