Ba a San Maci Tuwo Ba: Darasin Ɗan Kokawar Mongoliya

Kwanan baya wani abokina a ɗakin kwana ya nuna mini wani tsohon bidiyo yana ta ƙyalƙyala dariya: kociyoyi biyu 'yan Mongoliya sun tuɓe riga a gaban alƙalan wasa, ɗaya ma har ya rage daga shi sai kamfai. Ni ma na yi dariya. Amma da na bibiyi labarin ɗan kokawar da suka yi wa wannan bore, sai dariyar ta ɗauke.

Sunansa Ganzorigiin Mandakhnaran, kuma ba ƙaramin gwani ba ne. Ya ci zinare a Wasannin Asiya na 2010 a Guangzhou, ya samu tagulla a gasar duniya ta 2013 a Budapest, ya sake samu a 2014 a Tashkent. Abu ɗaya ya rage masa: lambar Olamfik.

A Rio, ranar 21 ga Agustan 2016, ya kara da Ikhtiyor Navruzov na Uzbekistan a neman tagulla, ajin kilo 65. Yana gaba da maki 7 da 6, saura 'yan daƙiƙu. Maimakon ya ci gaba da kamawa, sai ya ɗaga hannuwa yana zagaya fili yana murna. Alƙalai suka ce ya guje wa abokin karawarsa, suka ba Navruzov maki ɗaya. Aka yi kunnen doki, kuma bisa ƙa'ida nasara ta koma ga Navruzov. Kociyoyinsa suka ƙalubalanci hukuncin, aka yi watsi da ƙorafin, aka ƙara wa Navruzov maki, aka tashi 8 da 7. Daga baya aka dakatar da kociyoyin nan shekara uku.

Mutane da yawa sun ce an zalunce shi. Ni dai a ganina hukuncin da zafi, amma yana kan daidai. Idan aka bar mai rinjaye ya riƙa gudu a daƙiƙun ƙarshe, to an ƙwace wa na baya damarsa ta ƙarshe ke nan, alhali shi ma ya zuba gumi na shekaru. Ko a kokawarmu ta gargajiya, wa ya taɓa ganin an juya wa abokin karawa baya tun bai taɓa ƙasa ba?

To, me ya kawo wannan zance mujallarmu? Duk ƙarshen zango muna ganin irinsa. 'Yan ajin ƙarshe su sa fararen riguna, a yi ta rubuce-rubuce a jiki, a cika Facebook da hotuna, alhali ba a kare furojet ba, sakamako bai fito ba. Bayan wata biyu sai ka ga mutum ya dawo a ɓoye zai maimaita kwas ɗaya, yana kauce wa idon ƙannensa. Wallahi na san waɗanda zangon ƙarshe ne ya kayar da su, don sun saki jiki suna ganin an riga an gama.

Ban ce kada a yi murna ba, 'yan uwa. Wanda ya sha wahalar ND da HND ya cancanci ya yi ta. Cewa na yi a jira usur. Mandakhnaran ya yi shekaru yana ɗaga tutar ƙasarsa, amma yau da ka ambaci sunansa, daƙiƙun nan ake fara tunawa. Kada mu bari namu labarin ya zama haka.