Kana da Lokacin Ludo, Na Rubutu Ne Babu?

Makon nan zan sosa mana inda yake ƙaiƙayi, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri.

Kullum kukanmu ɗaya ne a zauren nan: ba lokaci, ba wuta, data ta yi tsada. To, ka zaga majalisun matasa a Rano ko Kibiya bayan sallar isha'i. Kawuna a sunkuye, wannan yana Ludo, wancan yana Free Fire, na gefe yana eFootball. Cikinsu har da mu masu kiran kanmu marubuta. Ka biya mai caji kuɗinka, ka zo ka ƙarar da batirin a wasa, sannan gobe ka ce rashin wuta ne ya hana ka ƙarasa babi na uku. Wa kake yaudara?

Kada mu yi musu da baki. Mai Android ya shiga saitin wayarsa ya buɗe Digital Wellbeing, mai iPhone ya duba Screen Time. Can za ka ga mintunan da kowace manhaja ta ci maka. Ni ranar da na duba nawa, kunya ta hana ni nuna wa kowa.

A ce awa 2 kake yi kullum. Awa 14 ke nan a mako, 730 a shekara, wato wata guda cur ba dare ba rana. Da rabinsa ka ba alƙalami, kana rubuta kalma 300 a rana, da ka tara 9,000 a wata. Gajeren labarin gasar Hikayata ta BBC Hausa bai wuce kalma 1,500 ba. Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja a 1933. Shi ma awa 24 yake da ita.

Na san za a ce wasa hutu ne, iyayenmu ma sun yi dara. Gaskiya ne. Amma dara a gindin bishiya ake yin ta, da abokin wasa ya tashi an gama. Wasan waya kuwa an tsara shi ne don kada ka tashi: kyautar kullum, sabon mataki, sanarwa tana kiranka tsakar dare. Ba banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan cikin jerin cututtuka a 2019.

Ban ce ka goge ba. Ka sa wa wasan ƙa'idar minti 30 a saitin, kuma kada ka taɓa shi sai ka yi salla, ka gama aikin gona ko shago ko makaranta, ka rubuta shafinka na ranar.

Ga ƙalubale: mako mai zuwa kowa ya kawo lamba biyu, awannin wasansa da kalmomin da ya rubuta. Ni zan fara ɗora nawa.