Kilip na minti uku, aikin wata da watanni

Idan aka ce wa ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati akwai ƙasar da ake ba ɗan lakkwal maki a jarrabawar ƙarshen lise don ya haɗa kilip na waƙa, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ilimi ya lalace, an mai da aji dandalin rawa. Ƙasar kuwa akwai ta, ita ce Ingila. A can, cikin darussan da matashi mai shekara 16 zuwa 18 ke iya zaɓa don jarrabawar da ke matsayin bak, akwai nazarin kafofin watsa labaru, kuma haɗa kilip yana cikin ayyukan da ake ɗora masa. Sai dai duk wanda ya duba yadda ake rabon makin zai tarar rawa ba ita ta kwashe kaso mai tsoka ba.

Hukumar da aka sani da OCR, ɗaya daga cikin masu shirya wannan jarrabawa, ta yi aiki da wani tsari tun daga 2008 har zuwa gyaran da ya fara aiki a 2017. A ƙarƙashinsa ɗalibai, su kaɗai ko cikin rukunin da bai wuce mutum 4 ba, sukan haɗa kilip da bai zarce minti 5 ba. Cikin maki 100 na aikin, kilip ɗin kansa 40 kawai yake samu. Maki 20 na ƙananan ayyuka biyu ne da ke rakiyarsa, kamar kwalin faifai da hoton talla na mujalla. Wasu 20 na bincike ne da tsari kafin a taɓa kamara. Sauran 20 na waiwaye ne, wato bayanin da ɗalibi zai yi kan aikinsa bayan ya gama. Ke nan abin da aka yi kafin ɗauka da abin da aka yi bayanta, idan an haɗa su, nauyinsu ɗaya da na kilip ɗin da kowa zai kalla.

Bincike shi ne matakin farko. Kilip a matsayin hajar kasuwa ya bunƙasa ne bayan buɗe tashar MTV a Amurka a 1981, lokacin da kamfanonin faifai suka gane cewa hoto na sayar da waƙa. A 1992 wani malami ɗan Ingila, Andru Gudwin, ya fitar da littafi kan wannan sana'a, wanda ɗalibai suka daɗe suna dogara da shi. Cikin abin da ya nuna akwai cewa hoto na iya bin kalmomin waƙa sau da ƙafa, ko ya ƙara musu ma'ana, ko ya saɓa musu da gangan. Kuma yawan nuna fuskar mawaƙi daf da kamara ba tsautsayi ba ne, buƙatar masu sayar da faifai ce, don fuskar ita ce tambarin haja. Da irin wannan ma'auni ɗalibi zai zauna ya warware kilip na wasu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga sau nawa hoto ya canza, ya lura da tufafi da wuri da haske, sannan ya tambayi waɗanda yake so su kalli nasa abin da ke jan hankalinsu.

Daga nan sai lissafi, wanda ba zai zama baƙo ga mai kanti ba. Minti 3 daƙiƙa 180 ne. A ma'aunin telebijin na Turai, hoto 25 ke wucewa a kowace daƙiƙa, wato hoto 4500 ke nan. Idan ana so a canza kusurwa duk bayan daƙiƙa 2 ko 3, ana buƙatar gutsuren ɗauka 60 zuwa 90. Kowane gutsure sai an zana shi a takarda cikin ɗan akwati, a rubuta a ƙarƙashinsa inda kamara za ta tsaya, da wanda zai shiga, da baitin da zai hau kai. Wasu ma sukan ɗauki hoton zanen su jera shi bisa waƙar, su kalla, don su gane inda zai yi ja tun ba a kashe ko dala ba. Bayan haka akwai takardar da ke faɗin wa zai zo, ƙarfe nawa, da wane kaya. Da ziyarar wurin ɗauka tun da wuri. Da neman iznin mai wurin. Da wasiƙa zuwa ga mai haƙƙin waƙar. Da takardar da ke lissafa haɗurran da ka iya aukuwa da yadda za a kauce musu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk da haka ranar ɗauka ba ta rasa abin da za ta zo da shi. A Ingila akan yi wannan aiki cikin hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, ga ruwan sama da ba ya sallama. Wanda aka dogara da shi ya fito a matsayin mawaƙi yana iya ƙin zuwa. Wanda ya zo kuma yana iya zama bai haddace waƙar ba, alhali dabarar kilip ita ce a kunna waƙar da ƙarfi a wurin ɗauka, shi kuwa ya rera tare da ita, don a wajen montaji leɓe ya dace da murya. Kuskuren ƴan hotuna kaɗan ya isa mai kallo ya gane baki na gaba murya na baya. Wanda ya yi tsari, idan haka ta faru, ya san abin da ya rasa da abin da zai sake. Wanda bai yi ba sai ya koma gida da tarin hotuna da ba su haɗuwa.

Sashen waiwaye shi ne ya fi wuya, don ba kowa ke son ya zama alƙalin kansa ba. A tsarin da aka bi kafin gyaran 2017, tambayoyi 4 ake gabatar wa ɗalibi. A ina aikinsa ya bi al'adar sana'ar, a ina ya ƙara mata, a ina ya bijire? Kilip ɗin da kwalin da tallar sun yi kama da ƴan gida ɗaya? Me ya koya daga bakin waɗanda suka kalla? Yaya ya yi amfani da na'urori tun daga bincike har ƙarshe? Mai cewa kome ya tafi daidai ba ya samun maki mai yawa. Mai samu shi ne wanda ya iya cewa: an shirya kaza, aka samu kaza, ga dalili, ga abin da za a canza in an sake. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Gyaran 2017 ya canza abubuwa. Aikin hannu ya koma kashi 30 cikin 100 na sakamakon darasin, kowane ɗalibi kuma shi kaɗai ke ɗaukar nauyin nasa, abin da ya toshe ƙofar raɓewa bayan ƙoƙarin abokai. Aka wajabta masa rubuta bayanin niyya na wajen kalma 500 kan abin da yake so ya yi da waɗanda yake nufi da shi. Amma dogon waiwayen da ake ba maki 20 ya fita daga lissafi. An samu adalci a wajen rabon maki, an kuma yi asarar darasin da ya fi kowane daɗewa a jikin mutum bayan ya bar lakkwal.

Wannan batu bai tsaya Ingila ba. A Yamai akwai makarantar koyon aikin jarida da sadarwa, wadda aka kafa a 1989 da sunan IFTIC, daga baya ta koma ESSCOM, inda matasa ke koyon ɗaukar hoto da montaji. Ƙasar da ta haifi Umaru Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972, da Mustafa Alasan, wanda ya yi fim da zanen hannu tun cikin shekarun 1960, ba ta jahilci darajar aikin takarda kafin na kamara ba. Yau kuwa, daga Maraɗi zuwa Damagaram da Tawa, duk mai salula na iya ɗaukar kilip, kuma sau da yawa kuɗɗin daga aljihun ɗan kasuwa suke fitowa, gida da motar da aka nuna na aro ne, iznin ɗauka kuma daga biron wani ma'aikaci yake bi.

Saboda haka uban da ɗansa ya zo neman jaka ɗari don aikin kilip, ko alhajin da mawaƙi ya roƙa ya ɗauki nauyi, ba sai ya san kamara ba kafin ya gane mai gaskiya. Ya nemi a nuna masa takarda: zanen, jerin ranaku, lissafin kuɗɗi, iznin mai waƙa. In aiki ya kammala, ya nemi takarda ta biyu, mai faɗin abin da aka kashe, da abin da ya ɓaci, da dalilinsa. Matashin da ya iya kawo waɗannan biyu, ko bai zama mai shirya fim ba, ana iya damƙa masa mabuɗin kanti ko dosiyen ma'aikata a kwana lafiya.